Yadda Ake Gano da Magance Zaburar Fikafikan Sola Idan Tauraron Ɗan'adam Ya Shiga Inuwa ko Ya Fito

Tambaya ɗaya ke ta dawowa daga ɗaliban injiniya da masu kula da taurarin ɗan'adam: me ya sa tauraron da ke zaune lafiya lau yake zabura daidai lokacin da ya shiga inuwar duniya ko ya fito, kuma ta ina ake fara gyara? Galibi masu tambayar sun riga sun ɗora laifi a kan jairo (na'urar auna juyin tauraro) ko wilin saiti (wilin da ke juyawa a cikin tauraro don daidaita alkiblarsa). Sau da yawa kuwa fikafikan sola ne. Rana tana buga fuskar fiffike, fuskar ta miƙe kafin bayan ya ji ɗumi, fiffiken ya lanƙwashe, jikin tauraron kuma ya karkata ɗaya ɓangaren tunda babu abin da zai dafa a sarari.

Abu biyu ke yanke hukunci a duk lissafin da ke tafe: bambancin zafi tsakanin fuska da baya, da saurin zuwan bambancin idan aka gwada shi da saurin kaɗawar fiffiken. A bi matakan a jere. Wanda ya yi tsalle zuwa gyaran manhaja kafin ya auna, cutar da babu ita zai yi wa magani.

Kayan aiki

Ana bukatar manhajar lissafin falaki, wato hanyar da tauraron ke bi yana zagaya duniya (GMAT ta hukumar NASA kyauta ce, STK kuma ta kuɗi), manhajar lissafin zafi irin Thermal Desktop ko ESATAN, ta lissafin ƙarfin gini irin NASTRAN, sai MATLAB ko Python don haɗa sakamako. Amma zagayen farko da takarda da kalkuleta ake yin sa. Daga tauraron kuma a nemo bayanan jairo, saurin wilolin saiti, wutar da fikafikai ke bayarwa, da ma'aunan zafin fuska da baya in akwai.

1. Fitar da jadawalin inuwa

Fara da tsayin falaki da kusurwar beta, wato kusurwar da ke tsakanin hasken rana da shimfiɗar falakin. Raba rabin faɗin duniya, kilomita 6,378, da jimillarsa da tsayin falaki. A tsayin kilomita 550 za ka sami 0.92, wanda ya yi daidai da sayin na digiri 67. Ma'anarsa biyu: idan beta ta haura digiri 67 babu inuwa sam, idan kuma beta sifiri ce inuwa za ta ci 67 cikin 180 na zagaye, kusan minti 35 daga cikin minti 96.

Abin da ya fi tsawon inuwar muhimmanci shi ne gefenta, inda rana ke dusashewa kafin ta ɓace. A falakin kusa da duniya wannan bai wuce sakan 8 zuwa 10 ba idan beta ƙarama ce, yana kuma ƙara tsawo yayin da beta ke girma. A falakin da tauraro ke tsaye a saman wuri ɗaya, kilomita 35,786, gefen inuwar kusan minti 2 ne, inuwar kan kai minti 70, kuma tana zuwa ne a zango biyu na kusan kwana 45 a kewayen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. Na kusa yana zagaye 15 a rana, kusan 5,500 a shekara, kowane da shiga da fita. Na nesa kuwa inuwa kusan 90 kawai yake gani a shekara, sai dai sanyinsa ya fi tsanani.

Hattara: wasu manhajoji suna ɗaukar inuwa kamar makunnin fitila, haske yanzu, duhu yanzu. A sauya zuwa tsarin da ke lissafa gefen inuwa. A kuma saka inuwar wata a jadawalin, don husufin rana yana samun tauraro a lokacin da ba a zata ba.

2. Tabbatar fiffike ne mai laifi

Nemi bayanan jairo masu sauri, aƙalla awo 10 a sakan, daga minti 2 kafin bakin inuwa zuwa minti 15 bayansa. Tara zagaye 20 zuwa 30. Jera su a kan lokacin da wutar fiffike ta faɗi zuwa rabi, don wannan ya fi hasashen falaki daidai. Sai ka ɗora su bisa juna ka ɗauki matsakaici, hayaniya ta lafa, siffar abin ta fito.

Zaburar zafi tana da alamunta. Ƙarfin murɗa yana zuwa da bugu ɗaya gajere, sannan jela mai tsawo ta ɗaya ɓangaren. Alkiblarsa a shiga kishiyar ta fita ce. Bayan bugun akan ga kaɗawa a kan mitar (wato yawan kaɗawa a sakan ɗaya, da ake aunawa da Hz) da fiffiken ke kaɗawa da kansa, tana lafawa sannu a hankali. Girmansa kuma yana sauyawa da beta.

Akwai masu kama da shi da ya kamata a fitar. Turin hasken rana, kusan maikronyutan 4.5 a kan kowace murabba'in mita, yana ɗaukewa a inuwa, amma shi mataki ne da ke zama har a fito, ba bugu ba. Idan wutar fiffike ta ɗauke, maganaɗisun tauraron yana sauyawa, shi kuma girmansa yana bin inda ake a saman duniya. Injin da ke juya fiffike ya bi rana yakan tsaya ko ya koma baya a inuwa, a duba umarninsa. Idan kuma karkatar a hankali take, sau ɗaya a zagaye, ba tare da bugu ba, a tuhumi mazaunin kyamarar da ke duba taurarin sama don sanin alkibla, shi ma zafi yana lanƙwasa shi.

Hattara: bayanan yau da kullum da ake aikowa sau ɗaya a sakan 4 suna yaudara. Kaɗawar Hz 0.6 za ta bayyana a cikinsu kamar ta Hz 0.1, ka je ka gina matata, wato manhaja mai toshe wata mita, a kan mitar da babu ita. Wannan kuskuren ya fi kowane yawa a wannan mataki.

3. Lissafa zafin da bambancinsa

Hasken rana a kusa da duniya wat 1,361 ne a kan murabba'in mita, yana hawa zuwa kusan 1,407 a farkon Janairu, ya sauka zuwa kusan 1,316 a farkon Yuli. Yi amfani da na Janairu. A falakin kusa a ƙara hasken da duniya ke maidowa, kusan kashi 30 cikin 100, da ɗumin da take fitarwa, kusan wat 237.

Ga lissafin hannu, da matsakaicin 1,361 don misali. Fiffike mai shan 0.91 na haske, yana mai da 0.28 lantarki, fuska da baya kowanne yana fitar da zafi da ƙimar 0.85. Zafin da ya rage (0.91 − 0.28) × 1,361 ne, kusan wat 857. Raba shi da 1.7 (0.85 na fuska da 0.85 na baya) × 5.67 × 10⁻⁸ (tsayayyiyar ƙimar lissafin fitar zafi), ka ɗauki saiwa ta huɗu: kelbin 307, wato digiri 34 na salshiyos. Idan batir ya cika aka daina jan wuta, 0.28 ɗin nan ya koma zafi, sakamakon ya zama digiri 64. Tazarar digiri 30 ke nan daga makunni ɗaya, shi ya sa wani lokaci ake ganin ƙaramar zabura a tsakiyar rana tsaka, babu inuwa kusa. A inuwa fiffiken falakin kusa kan sauka zuwa wajen digiri 70 ƙasa da sifiri, na nesa kuma har 170.

Yanzu bambancin. Kusan rabin zafin yana ratsa faranti ya fita ta baya, a ce wat 500. Faranti mai kaurin milimita 25, cikinsa saƙar zuma ta alminiyam mai ratsa zafi da ƙimar 1.5, zai ba da 500 × 0.025 ÷ 1.5, kusan digiri 8. Ga bututun ƙarfe marar tsatsa mai faɗin santimita 2.2, irin sandunan da ke miƙar da fiffike mai naɗewa, digiri 20 tsakanin gefen rana da gefen inuwa ba abin mamaki ba ne.

Hattara: samfurin kwamfuta da ya ba faranti ɗigon zafi guda ɗaya zai ce bambancin sifiri ne, don ba shi da inda zai ajiye shi. A sa aƙalla ɗigo uku a kauri, 12 zuwa 16 a kewayen bututu. Tazarar lissafi kada ta wuce sakan 1 a bakin inuwa. Masu lissafin zafi sun saba da minti 1, wanda ke haɗiye duk abin da ake nema.

4. Mayar da bambanci zuwa lanƙwasa

Bakin fiffike yana kaucewa da α × ΔT × L² ÷ (2 × h). Anan α ƙimar miƙewar abu ce ga kowane digiri, ΔT bambancin zafi, L tsawo, h kauri. Ƙimar α a cikin miliyan: alminiyam 23, ƙarfe marar tsatsa kusan 17, titaniyam kusan 9, Invar kusan 1, zaren kabon daga kusan sifiri zuwa 2 gwargwadon yadda aka jera shi.

Fiffike mai tsawon mita 6, fatar alminiyam, bambanci digiri 8: santimita 13. Shi ɗin dai da fatar kabon mai ƙimar 2: santimita 1 da ɗan ɗori. Bututun ƙarfen nan mai digiri 20: santimita 28. Lura da L²: ninka tsawo, lanƙwasa ta ninka huɗu.

Hattara: ƙara kaurin faranti ba ya rage lanƙwasa yadda ake zato. Kauri yana ƙasan lissafin, gaskiya ne, amma ΔT ma yana hawa da kauri, sai su cinye juna. Abin da kaurin ke ƙarawa shi ne tauri, kuma amfaninsa a mataki na gaba yake.

5. Lanƙwasa ce kawai, ko har da kaɗawa?

Nan ne zuciyar aikin. Bruno Boley ya nuna tun 1956 cewa amsar tana cikin gwada lokuta biyu: lokacin da bambancin zafi ke ɗauka kafin ya kafu, τ, da saurin kaɗawar ginin, ω, wanda yake 6.28 × mitar farko. Kaucewa mafi girma ita ce ta mataki na 4 a ninka ta da 1 + 1 ÷ √(1 + (ωτ)²).

Idan ωτ ƙarami ne, wato zafi ya riga ginin sauri, kaucewar takan kusan ninka biyu. Idan babba ne, fiffiken yana bin zafin a natse. Ga siririn bututu, τ kusan nauyin abu a kowace kubik mita × ƙarfin riƙe zafi × murabba'in rabin faɗi ÷ ƙimar ratsa zafi ne. Na ƙarfen nan yana fitowa wajen sakan 25 zuwa 30. Da mitar Hz 0.1, ωτ kusan 16 ne, ƙarin kuwa kashi 6 cikin 100.

Kashi 6 kamar ba komai ba, amma na santimita 28 ne, wato bakin fiffike yana lilo da kusan santimita 2. A sarari kuma babu iskar da za ta tsayar da shi. Da ƙimar lafawa (ma'aunin saurin mutuwar lilo) 0.005, sai an yi sakan 1 ÷ (0.005 × 0.63), fiye da minti 5, kafin lilon ya ragu zuwa kusan sulusi, minti 12 kafin ya koma kashi ɗaya cikin goma. Abin da ya sami madubin hangen nesa na Hubble ke nan bayan harba shi a Afrilun 1990. An tsara saitinsa kada ya motsa fiye da 0.007 na sakan na kusurwa (sakan ɗaya kashi 1 cikin 3,600 na digiri ne). Fikafikansa masu naɗewa suna kaɗawa a wajen Hz 0.1 da 0.6 duk lokacin da ya ƙetare bakin inuwa, motsin ya haura ninki goma na abin da aka yarda, har na'urorin da ke kafa wa taurarin sama ido don saiti su saki.

Akwai abu biyu da wannan lissafi ba ya gani. Na farko gaɓoɓi: inda ƙarfe biyu ke goga juna, suna riƙewa har ƙarfi ya taru, sannan su saki farat ɗaya, kamar yadda rufin kwano ke ƙara idan rana ta buge shi. Wannan bugun ba shi da tsayayyen lokaci, yana iya zuwa mintuna bayan fita daga inuwa, kuma yana tayar da mitoci na sama. Idan zagaye 30 ɗinka sun ƙi jeruwa bisa juna, gaɓa ce. Na biyu, lanƙwasar da kanta tana sauya kusurwar da rana ke bugun sanda, zafin ya sauya, lanƙwasar ta sake sauyawa, lilo ya riƙa ciyar da kansa maimakon ya mutu. An ga haka a doguwar sandar tauraron OGO-4 a 1967, kumbon Ulysses ma ya yi ta tangaɗi bayan an miƙa sandarsa ta mita 7.5 a 1990. Sanduna masu tsaga a tsawonsu, marasa ƙarfin jure murɗa, su suka fi faɗawa wannan.

6. Nawa jikin tauraron zai juya?

Idan babu mai riƙe shi, jiki zai juya da m × δ × (r ÷ 3 + L ÷ 4) ÷ I. Anan m nauyin fiffike ne, δ kaucewar baki, r nisan gindin fiffike daga cibiyar nauyi, I nauyin juyi na tauraron duka. Fiffike mai kilo 30, r mita 1, I 2,000: da fatar alminiyam digiri 0.2 ne, wanda daga kilomita 550 ya kai kusan kilomita 2 a doron ƙasa. Da fatar kabon kusan sakan 65 na kusurwa, mita 175.

Ƙarfin murɗar kansa ƙanƙane ne, tsakanin 0.002 da 0.02 na nyutan-mita a wannan misali, alhali wilin saiti na matsakaicin tauraro yana ba da 0.1 zuwa 0.2. Sayen babban wili ba zai kai ka ko'ina ba. Matsalar ita ce bugun ya riga na'urar saiti sauri.

Hattara: fikafikai biyu masu kama da juna suna lanƙwashewa ɓangare ɗaya, juyinsu ya kashe juna, samfurin kwamfuta ya ce lafiya. A zahiri ba sa zama daidai: ɗaya yana samun inuwar eriya, ɗaya gaɓarsa ta fi tauri. A saka bambancin kashi 10 zuwa 20 cikin 100 da gangan. Taurarin ɗan'adam masu fiffike ɗaya kamar UARS, Landsat 4 da 5 da TOPEX/Poseidon ba su da wannan rangwame, kuma duk an ga zaburar a bayanansu.

7. Gyara tun a zane

In tauraron bai tashi ba, a nan gyara ya fi arha. Jerin fifiko: fara da rage α, fatar kabon maimakon alminiyam, tare da duba cewa gilashi da ƙwayoyin sola da ke manne a fuska ɗaya ba su mai da farantin mai gefe biyu mabambanta ba. Sai rufe sanduna da riga mai sheƙi don rage ΔT da tsawaita τ. Sai ƙara tauri, a ɗaga mitar farko. Sai matse gaɓoɓi da sifirin (ƙarfen nan mai naɗi da ke matsewa ya dawo) mai ƙarfi don kada su sami wurin zamewa, a kuma daidaita α na ƙarafan da ke haɗuwa. Na ƙarshe, abin kashe girgiza a gindin fiffike.

Kowanne da farashinsa. Kabon mai tauri ya fi tsada, ya fi kuma jinkirin samuwa. Riga tana ƙara nauyi, tana kuma iya maƙalewa lokacin buɗe fiffike, wanda ya fi zabura muni nesa ba kusa ba. Hubble ya bi hanyoyin biyu: a Disambar 1993 'yan sama jannati suka sa masa fikafikai masu rigar zafi a sanduna, a Maris 2002 kuma aka maye gurbinsu da ƙanana masu tauri da ba sa naɗewa, waɗanda suka fi ba da wuta. Idan aikin ya yarda, falakin da ke bin iyakar dare da rana yana kawar da inuwa a mafi yawan shekara.

8. Gwaji a ƙasa

Iska tana share bambancin zafi, nauyi kuma yana danne lanƙwasa, don haka gwajin ɗakin aiki ba shaida ba ne. A yanki faranti ko sanda mai mita 1, a rataye shi a tsaye don lanƙwasar ta tafi gefe, a cikin ɗakin da aka zuƙe iskarsa zuwa ƙasa da 10⁻⁵ na milibar, bangonsa a sanyaye da ruwan naitirojin. Fitilar da ke kwaikwayon rana ta riga ta yi zafi a bayan marufi, a buɗe marufin cikin sakan 1 ko 2. Ma'aunan zafi su kasance biyu-biyu, fuska da baya a wuri ɗaya, da siraran wayoyi, kaucewa kuma a auna ta da leza ko kyamara ba tare da taɓawa ba. Manyan ɗakuna kamar na cibiyar ESTEC da ke Noordwijk a ƙasar Holan suna ɗaukar tauraro sukutum, amma τ da ΔT daga ɗan yanki ake samun su.

Hattara: ƙimar lafawa da aka auna cikin iska, ko da babban lilo, ta fi ta gaskiya. A lissafi a ɗauki 0.001 zuwa 0.005.

9. In ya riga ya tashi

Mafi sauƙi shi ne a daina ɗaukar hoto na ɗan lokaci. Minti 5 bayan shiga da minti 5 bayan fita suna cin kusan kashi 10 cikin 100 na zagayen minti 96. Ga tauraron da ke ɗaukar hoton ƙasa da rana kawai, wannan asarar ba ta taka kara ta karya ba, tunda bakin inuwa ba lokacin aikinsa ba ne. Ga madubin taurari kuwa babbar asara ce.

Sai gyaran na'urar saiti. Ƙa'idar da aka saba ita ce saurin martaninta ya tsaya a wajen kashi ɗaya cikin goma na mitar fiffike don kada ta tsokane shi, a kuma sa matata mai toshe wannan mitar. Hakan yana hana ta ƙara rura lilon, amma ba ya kashe lilon. Hanyar da aka bi wa Hubble kafin a sauya fikafikansa, gyaran manhajar da ake kira SAGA, ita ce ƙara ƙarfin martani a kan mitocin fiffike don wiloli su shanye lilon da kansu. Tana aiki, sai dai tana bukatar sanin mitar da kyau, kuma mitar tana motsi da kusurwar fiffike, da zafi, da raguwar mai a tanki. A auna ta a kusurwoyi aƙalla huɗu, a yi matatar da faɗin da zai rufe duka, a kuma duba jinkirin da ta ƙara kafin a aika.

Hanya ta uku riga-kafi ce: tunda siffar bugun ta fito a mataki na 2, a umarci wiloli su ba da kishiyarsa daidai lokacin. Lokacin ne komai. A mitar Hz 0.1 kuskuren sakan 5 rabin kaɗawa ne, maimakon ragewa sai ka ninka. Kada a dogara da agogo da hasashen falaki, iskar duniya tana lanƙwasa hasken rana ta kuma dusashe shi a bakin inuwa. A ɗauki alamar farawa daga wutar fiffike ko ma'aunin rana. Fara da kashi 25 cikin 100 na ƙarfin da aka lissafa, duba zagaye 10, sannan a ƙara zuwa 50. Teburin shiga daban, na fita daban, kuma a sabunta su duk lokacin da beta ta motsa da digiri 10. Idan mataki na 5 ya nuna gaɓa ce ke saki, riga-kafi ba zai yi aiki ba, a koma ga kashe lilo da tsayar da injin juya fiffike daga minti 1 kafin bakin inuwa har lilon ya lafa.